Yadda Ake Gane Abin da Ya Canja Daga Shekara Zuwa Shekara a Motar Toyota Tundra Kafin a Saya

Duk wanda ya taɓa shiga wurin sayar da motocin Beljiyam ya san yadda ciniki ke farawa: "'Yar wace shekara ce?" Da dillali ya faɗi shekara, kuɗi ya hau ko ya sauka. To a manyan a-kori-kura na Amurka, irin su Toyota Tundra, Ford F-150, Ram 1500 da Chevrolet Silverado, wannan tambayar ita kaɗai ba ta isa ba. Za ka samu shekaru biyu a jere amma motocin ba su haɗa inji ba, ba su haɗa giya ba. Za ka kuma samu shekaru uku ko huɗu da ba abin da ya raba su sai fitila da rediyo. Wanda bai san inda canjin gaske ya faɗo ba, ko dai ya zuba kuɗi a kan lambar shekara kawai, ko ya tsallake mota mai lafiya don yana ganin ta tsufa.

Zan yi bayanin da Tundra, domin kanikawanmu sun saba da danginta. Injinta mai lita 4.7 shi ne a Land Cruiser 100 da Lexus LX 470, mai 5.7 shi ne a LX 570 da Sequoia, mai 4.6 kuma yana cikin GX 460. Hanyar dai ɗaya ce ga sauran motocin, zan kuma taɓo su a gaba.

Mataki na farko: Faɗa wa kanka aikin da za ta yi

Kafin ka buɗe hoton kowace mota, rubuta abu uku a takarda: nauyin da za ka riƙa ɗauka ko ja, yawan mutanen da za su riƙa zama a ciki, da irin hanyar da za ta fi bi. Mai kai taki da buhuna gona, da mai jan tirela, da mai son motar shiga gari da iyali, ba canji ɗaya ne ya shafe su ba. Wannan takardar ce za ta nuna maka canjin da ya cancanci ka ƙara kuɗi dominsa.

Mataki na biyu: Tabbatar da shekarar da idonka

A nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, don haka zan daɗe a kai.

Kowace motar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Tsaya a gaban motar ta ɓangaren direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka gan ta a kan wani ɗan ƙarfe. Sai ka buɗe ƙofar direba, ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofa. Lambar nan tana wurin, tare da wata da shekarar da aka ƙera motar, da nauyin da aka yarje mata. Shafa takardar da yatsa. Ta asali a kwance take lif, rubutunta tsaf, gefenta bai ɗago ba. In ka ji gefen ya tattare, ko ka ga fenti ya hau kanta, ko babu ita gaba ɗaya, to ka tambayi dalili. Lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan dole su zama ɗaya, harafi da harafi.

Yanzu ƙirga daga hagu zuwa na goma. Shi ne shekarar samfurin. Daga 2001 zuwa 2009 alƙalami ne: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009. Daga nan haruffa suka karɓa: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Ka lura an tsallake I da O da Q, domin ba a sa su ko'ina a lambar don kada su rikice da 1 da 0. Masu ƙirga haruffa da ka sukan ɓata a nan, su ɗauki J a matsayin 2019, alhali 2018 ce.

Lambar Tundra tana farawa da 5TF ko 5TB. A motocin 2010 zuwa 2021, harafi na biyar yana faɗa maka inji: Y ko W mai 5.7 ne, M mai 4.6, U kuma mai 4.0. Saboda haka in ka ga Y a na biyar, G a na goma, ka san Tundra ce 'yar 2016 mai 5.7, ko da me aka rubuta a jikin ƙofa. Buɗe bonet ma, a cikin murfin akwai wata takarda ta ƙa'idar hayaƙi mai ɗauke da shekarar samfuri da girman inji.

Wani abu da ke rikita masu saye: shekarar samfuri daban, ranar ƙira daban. Kamfanoni sukan fara ƙera motar baɗi tun bana. In takardar ƙofa ta nuna 09/13 amma harafi na goma E ne, motar 'yar 2014 ce halak malak, ba a cuce ka ba. Cutar tana wani wuri: dillalin da zai kira mota da shekarar da ta shigo ƙasa, ko motar da aka yi wa abin da 'yan kasuwa ke kira "ofgired", wato an cire fuska da fitilu da bamba na tsohuwa an ɗora na sabuwa. Daga nesa sai ka rantse 'yar 2018 ce, harafi na goma kuma ya ce A. Ba laifi ba ne mutum ya gyara motarsa yadda yake so, laifin shi ne a sayar da ita da kuɗin shekarar da ba tata ba. Tun 2022 ma hukumar kwastan ta Najeriya da wannan lambar take ƙiyasta kuɗin fito, don haka ita ce shaidar da kowa ke komawa gare ta.

In kana da intanet a waya, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da za ka zuba lambar kyauta ya fito maka da shekara, inji, irin ɗaki da masana'antar da ta ƙera.

Mataki na uku: San zubin da motar ta fito

Tundra zubi uku ce zuwa yanzu. Na farko daga 2000 zuwa 2006, ƙarama ce a kan na baya, a jihar Indiyana aka ƙera ta. Na biyu daga 2007 zuwa 2021, shekara 15 ke nan a kan shasi kusan iri ɗaya, mafi yawansu daga masana'antar San Antoniyo a jihar Texas. Na uku ya fara daga 2022.

Tsakanin zubi da zubi, komai sabo ne. Tsakanin 2006 da 2007, ko 2021 da 2022, ba kwatanta shekara kake yi ba, motoci biyu daban kake kwatantawa. A cikin zubi ɗaya kuwa ana yin kwaskwarima a tsakiya, kamar ta 2014, sannan a riƙa ƙananan sauye-sauye shekara-shekara. Mafi yawan Tundra da ke kasuwarmu 'yan zubi na biyu ne, aikin ma a nan yake.

Mataki na huɗu: Ja layi uku a takarda

Sa shekarun da kake dubawa a gefen hagu, sannan ka ja gida uku. Gida na farko na ƙarfe ne: inji, giyabos, shasi, sifirin, tanki, sanyaya. Na biyu na kayan aiki da tsaro: kyamara, na'urar taka birki, girman ɗaki. Na uku na kwalliya: fuska, fitila, launi, fatar kujera. Kowane canji ka ji, ka jefa shi gidansa. Ƙa'idata ita ce abin da ke gida na farko ya fi na biyu nauyi, na uku kuwa ba na ƙara ko sisi dominsa sai in farashin ya zo ɗaya.

Ga yadda takardar za ta cika a zubi na biyu.

Daga 2007 zuwa 2009 inji uku ne: V6 (mai silinda shida) mai lita 4.0, V8 (mai silinda takwas) mai 4.7, da V8 mai 5.7. Babban yana ba da ƙarfin doki 381 da giya shida, kuma haka ya zauna har 2021 ba a taɓa wannan adadin ba. Wannan ya kamata ya tsaya maka a rai: in inji kake nema, 'yar 2008 mai 5.7 da 'yar 2021 ƙarfinsu ɗaya a takarda. Mai 4.7 kuwa giya biyar gare shi, kuma bel ne ke haɗa taimin ɗinsa, ana canja shi duk bayan mil 90,000, wato kilomita 145,000 ko kusa da haka. Inji ne mai jimiri ƙwarai, amma in ka saye shi ba tare da shaidar an canja bel ba, sa kuɗin canjin cikin lissafinka tun ranar farko.

A 2010 aka yi canjin da ba ya bayyana daga waje: aka ajiye 4.7, aka kawo 4.6 mai ƙarfin doki 310, giya shida, da sarƙa a maimakon bel. Ga wanda ke neman ƙaramin V8, tazarar 2009 da 2010 babba ce. Ga mai neman 5.7, kusan ba komai. Ka ga shekara guda ta zama abu biyu, gwargwadon injin da kake nufi.

A 2014 aka yi babbar kwaskwarima. Fuska ta ƙara tsayi, kafaɗun taya suka zama masu kusurwa, aka buga sunan TUNDRA a jikin ƙarfen ƙofar baya, aka sake dashbod gaba ɗaya, kyamarar baya ta zama ta kowace mota. Amma inji da giya da shasi suna nan yadda suke. Kasuwa takan sa rata mai yawa tsakanin 2013 da 2014, kuma mafi yawan ratar kuɗin gida na uku ne. Akwai ma abin da aka rasa: a babban ɗaki na CrewMax, kujerar baya ta 2007 zuwa 2013 tana matsawa gaba da baya tana kuma kishingiɗa, ta 2014 kuwa naɗewa take sama don a samu wurin kaya. Mai doguwar tafiya da manya a baya zai fi jin daɗin tsohuwar. Dashbod ɗin nan kuma shi ne ke saurin tona asirin motar da aka sauya wa fuska, domin a tsohuwa agogunan mita kowanne a cikin raminsa yake.

A 2015 aka daina sa V6, aka fito da ajin TRD Pro na shiga daji.

Shekarar 2016 mutane da yawa ba sa kula da ita, alhali ni a wurina tana da muhimmanci. Tankin da aka saba yana cin galan 26.4, wato lita 100. A 2016 aka kawo tanki mai galan 38, kusan lita 144, a manyan azuzuwa masu 5.7, sannan ana iya samunsa a ajin SR5 da ke ƙasa da su in mai motar na farko ya zaɓa. Mota mai shan mai irin wannan, a hanyar da gidajen mai ke nesa da juna, lita 44 na ƙari ba wasa ba ne. Kada ka ɗauka kowace 'yar 2016 tana da shi, sai ka bincika.

A 2018 aka daina mai ƙofa biyu, kuma na'urorin tsaro da Toyota ke kira Safety Sense suka shiga kowace mota: taka birki da kanta in ta hangi karo, gargaɗin barin layi, rage gudu in ta cim ma ta gaba. Za ka gane su da kyamarar da ke saman gilashin gaba, bayan madubi. Abu ne mai amfani, sai dai ka sani in gilashin ya fashe ko aka bugi fuskar, bayan canji sai an sake saita na'urar da kwamfuta, kuma ba kowane gareji ke da kayan ba.

A 2019 aka cire wani abu a shiru: ɗan ƙaramin lagireton da ke sanyaya man giyabos a gaba. Motocin 2019 zuwa 2021 ba su zo da shi ba. A ƙasa mai sanyi, da motar da ba ta jan kaya, mai ita ba zai ma sani ba. A zafin watan Afrilu, da tirela a baya, da hawan tudu, ni ba zan so in rasa shi ba. Ana iya sawa daga baya, amma kuɗi ne da aiki. Wannan misali ne na cewa sabuwar shekara ba kullum take fin tsohuwa ba.

A 2020 aka ajiye 4.6, 5.7 kaɗai ya rage, rediyon kuma ya fara haɗuwa da waya ta Apple CarPlay da Android Auto. 2021 ita ce shekarar ƙarshe ta V8, launuka da ƙananan kayan ado kawai aka ƙara.

In ka dubi takardarka yanzu, za ka ga gidan ƙarfe ya motsa ne a 2010, 2015, 2016, 2019 da 2020. Shekarar da kasuwa ta fi yi wa kirari, 2014, kusan duk a gidan kwalliya ta faɗa. Shi ya sa in mai aikin ƙarfi ya tambaye ni, nakan nuna masa 2016 zuwa 2018 mai 5.7: ga babban tanki in an dace, ga mai sanyaya giya bai tafi ba, ga sabon ciki. Mai ƙaramin aljihu kuwa, 2010 zuwa 2013 mai tsabta za ta yi masa aikin da waccan za ta yi.

Mataki na biyar: Kwatanta iri da iri

Shekara ba ta tafiya ita kaɗai, tare take da aji, ɗaki, tsawon baya, da ko motar tana ja da taya biyu ko huɗu. Daga 2014 azuzuwan su ne SR, SR5, Limited, Platinum da 1794 Edition, sai TRD Pro daga baya. Wannan 1794 ɗin shekarar da aka kafa gandun kiwon da masana'antar San Antoniyo ke zaune a kai ne, ajin kuwa tagwayen Platinum ne mai fata ruwan ƙasa. Limited 'yar 2012 za ta iya fin SR 'yar 2017 kayan jin daɗi nesa ba kusa ba. In ka haɗa su a sikeli ɗaya, ba shekara kake aunawa ba.

Ɗaki ma haka. A zubi na biyu, CrewMax bayanta ƙafa 5.5 ne kawai, ba zaɓi. Double Cab tana da ƙafa 6.5 ko 8.1, amma wurin zaman baya ya fi matsi. Sai a zubi na uku aka fara samun CrewMax mai baya ƙafa 6.5. Mai ɗaukar rodi ko katako ya auna wannan da tef, kada ya auna da ido.

Hattara da alƙaluman talla. A 2011 nauyin da aka ce Tundra na iya ja ya ragu da ɗaruruwan fam (ma'aunin nauyi na Amurka, kusan rabin kilo), ba don motar ta yi rauni ba, sai don Toyota ta koma aunawa da wata sabuwar ƙa'ida mai tsauri da ake kira J2807, wadda sauran manyan kamfanonin ba su bi ba sai wajen 2015. Wanda ya ɗora takardar 2010 kusa da ta 2011 zai zaci an rage wa motar ƙarfi. Kuma babban adadin da ake bugawa a talla na mota ɗaya ne tak a cikin jerin, galibi mai ƙaramin ɗaki mai ja da taya biyu. Nauyin da taka za ta ɗauka yana rubuce a takardar taya da ke bakin ƙofar direba, kuma ya haɗa da mutanen da ke ciki. Littafin mai mota na kowace shekara yana shafin Toyota kyauta, shi ne abin dogaro, ba bakin kasuwa ba.

Mataki na shida: Bincika ciwon kowace shekara

Kowane zubi da inda yake ciwo. A shafin NHTSA ɗin nan akwai wurin da za ka sa lambar shasi ya nuna maka kiranyen da kamfani ya yi wa motar, wato kiran a mayar da ita a gyara wani aibi kyauta, wanda ba a riga an gyara ba.

A tsofaffin Tundra babban abin tsoro tsatsar shasi ce. Jihohin arewacin Amurka suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe ta ƙasa. An yi wa motocin 2000 zuwa 2003 kiranye a kan haka, sannan 'yan 2007 da 2008 suna cikin yarjejeniyar kotu ta wajen dala biliyan 3.4 da Toyota ta amince da ita a 2016 kan tsatsar shasi. Don haka sai ka durƙusa. Shimfiɗa kwali, ka shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma. Bi dogayen ƙarafan shasin daga bayan tayar gaba har inda sifirin baya ya kama, ka duba ƙarfen da ke riƙe da safaya taya. Jan tsatsa na sama-sama ba komai. Abin gudu shi ne ƙarfen da ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ko wanda in ka ƙwanƙwasa sai ka ji amon ya mutu, gari yana zubo maka a fuska. In kuma ka tarar an shafe ƙasan da baƙin fenti mai kauri, sabo fil, a motar da ta shekara goma sha, kankare wuri ɗaya da sukundireba ka ga abin da ke ƙasa.

A shekarun farko na zubi na biyu akwai kuma famfunan da ke hura iska cikin salansa lokacin da inji ke da sanyi. Ruwa kan shiga ya lalata su, motar ta kunna fitilar gargaɗi ta ƙi gudu. Ka sa a tayar maka da ita da safe, injin da sanyinsa, ka saurara, sannan bakanike ya jona kwamfuta. Ya leƙa bayan kan injin ma, inda 5.7 kan yi tsattsafar baƙin mai.

Rahoton tarihin mota, irin na Carfax, zai nuna jihar da ta zauna, haɗari, ambaliya, da mil ɗin da aka rubuta a lokuta daban-daban. Ka tuna mitar Amurka da mil take ƙirga, 100,000 a can kilomita 160,000 ne.

Mataki na bakwai: In zaɓinka ya faɗa tsakanin 2021 da 2022

Wannan ita ce mahaɗa mafi girma. A 2022 V8 ya tafi, aka kawo V6 mai lita 3.4 da turbo biyu, ɗan gidan injin Land Cruiser 300 da LX 600, da giya goma. Yana ba da ƙarfin doki 389, a SR kuma 348. Akwai mai haɗin fetur da lantarki, i-Force Max, mai 437, batirinsa a ƙarƙashin kujerar baya. Sifirin baya ya tashi daga na falle ya koma na naɗi, bodin ɗaukar kaya ya zama na wani haɗin roba mai tauri da ba ya tsatsa, jan kaya kuma ya kai fam 12,000, kusan tan 5.4.

Ta fi laushin tafiya, ta fi ƙarfin tashi, ta fi sauƙin mai. A ma'aunin Amurka 5.7 tana yin wajen mil 15 a galan, kilomita 6 da 'yan kai ke nan a lita. Sabuwar tana yin 19 zuwa 20, wato kilomita 8 da ɗoriya. A tafiyar kilomita 1,000, ɗaya za ta sha kusan lita 155, ɗaya kusan 120, kuma da lodi da na'urar sanyi dukansu za su wuce haka. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, wannan bambancin kuɗi ne na gaske. Ninka shi da tafiyarka ta shekara ka gani.

Amma ga ɗaya gefen. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci wajen 102,000, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, wanda kan cinye bearin ya sa inji ƙwanƙwasa ko ya mutu a kan hanya. Maganin da kamfanin ya yanke shi ne sauya injin gaba ɗaya kyauta. A wurin dillalan kamfanin na can ake wannan aikin, don haka in za a sayo maka ita, a tabbatar an yi kafin ta hau jirgi, a kuma turo maka takardar shaidar aikin. Bayan haka, injin turbo ba ya yafe wasa da baƙin mai ko gurɓataccen fetur. Je wurin bakanikenka ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, ka taɓa buɗe irin wannan? Kana da kwamfutar da ke karanta ta? A ina za mu samu kayanta?" In ya yi jim, amsar ke nan. Mai zama kusa da babban gareji zai more sabuwar. Wanda aikinsa ke kai shi inda bakaniken kirki ke da nisan yini, V8 zai fi kwantar masa da hankali.

Mataki na takwas: Gwada hanyar a kan sauran

A Ford F-150, 'yar 2010 da 'yar 2011 jikinsu ɗaya, amma a 2011 aka kawo sababbin injuna: 3.7, 5.0, da 3.5 EcoBoost mai turbo. Tsakanin 2014 da 2015 jikin ya tashi daga ƙarfe ya koma alminiyam, nauyi ya ragu da abin da ya kai fam 700. Ɗora mayen ƙarfe a ƙofa, in ya faɗi to sabuwar ce, kuma ka tabbatar mai gyaran bodi a garinku ya iya aikin alminiyam. A 2017 kuma 3.5 EcoBoost ya samu sabon zubi da giya goma, alhali fuskar ba ta canja ba sai 2018.

Ram da Chevrolet suna da wani tarko na daban: motoci biyu a shekara ɗaya. A 2019 Ram ta fito da sabon zubi, ta kuma ci gaba da sayar da tsohon da sunan Classic har 2024. Chevrolet ta yi haka da Silverado LD a 2019, da LTD a 2022. A nan harafi na goma gaskiya yake faɗa, amma bai faɗi duka ba, sai ka zuba lambar a shafin bincike ka ga cikakken suna.

Mataki na tara: Shiga ciniki da takardarka

Rage zaɓinka zuwa mota biyu ko uku masu aji ɗaya da ɗaki ɗaya. A gaban kowace rubuta farashi, sannan ka ƙara abin da za ka kashe nan take: bel in 4.7 ce, mai sanyaya giya in 'yar 2019 zuwa 2021 ce kuma za ka ja kaya, tayoyi, da duk abin da kwamfuta ta nuna. In daga waje za a kawo ta, ejan ya faɗa maka kuɗin fito da iyakar shekarun da kwastan ke karɓa kafin ka tura kuɗi. Sai ka dubi ratar da ta rage tsakanin motocin, ka nemi abin da ke gida na farko ko na biyu da zai biya ta.

In dillali ya ce, "Alhaji, wannan fa 2015 ce, ba 2013 ba," sai ka ce masa ka gani, injin ɗaya, giya ɗaya, tanki ɗaya, fuska da dashbod da kyamara ne suka bambanta, ga abin da za ka iya ƙarawa a kansu. In ya sauko, ku ɗauke ta ku hau babbar hanya, ka bar ta ta yi zafi sosai, ka ji yadda take shiga kowace giya, ka gwada jan taya huɗu a kan ƙasa ba a kwalta ba, sannan ku wuce gareji a ɗaga ta sama kafin a rubuta rasit.